Ranar da Na Kwance Jeren Inna

Malamin da ya koya mana tsara ɗakuna yana da doka guda: in ka shiga silima, kada ka kalli 'yan wasa, ka kalli bayansu. Ya ce labarin fim na masu neman kuka da dariya ne, mu abin da ya kai mu shi ne bango da labule da inda aka ajiye fitila. Ya yi karatu a ƙasar waje, ya dawo da akwatin hotuna da wata na'ura mai haska su a jikin bango. Ranar Talata da Alhamis mukan toshe tagogin aji da barguna, zufa tana tsiyayo mana, shi kuwa yana ta sauya hotunan falon mutanen da ba mu san su ba, yana nuni da sanda.

"Ku dubi sarari," yakan ce. "Ɗaki ma yana son ya sha iska. Space, gentlemen, space!"

Wannan a tsakiyar shekarun alif ɗari tara da tamanin ne, ina da shekara ashirin da ɗaya, ina zuwa wata makarantar koyon zane da tsara gidaje a tsallaken kogi. Ni ne na fari a gidanmu, ni ne kuma na farko a duk danginmu da ya wuce sakandare. Na ɗauki dokar malamin nan na riƙe fiye da yadda shi kansa ya riƙe ta. A fim ɗin Indiya mutane suna share hawaye don an raba masoya, ni ina ƙirga matakalar benen da ta rabu gida biyu. A na Amurka ana harbe-harbe, ni ina duban doguwar kujera da hoto ɗaya tak a farin bango. Na cika littafi uku da zanen ɗakunan da ba wanda ya taɓa kwana a cikinsu, ban kuma taɓa tambayar kaina inda masu ɗakunan suke ajiye tabarma ko buhun masara ba.

Daga nan sai in hau bas in dawo Kakuri, gidan haya mai ƙofa goma sha biyu da famfo ɗaya a tsakar gida. Baba yana aiki a masaƙa, kamar yawancin mazan gidan. Maƙwabtanmu 'yan Filato ne da 'yan Binuwai da 'yan kudancin Kaduna, mu kaɗai ne Musulmi sai wani tela a ƙofar ƙarshe. Namu ciki da falo ne. Ciki gado ya cinye shi da akwatuna, don haka a falo Inna, mahaifiyata, ta yi jerenta.

Ga wanda bai sani ba, jere shi ne kwanukan auren mace da ake shiryawa a jikin bango, wani bisa wani. Na Inna ya kama bango guda daga kan kantar katako har kusa da silin: manyan kwalla a ƙasa, sai samira, sai langa masu jan fure, can sama kuma tasoshin da ta gada daga uwarta. Ba a cin abinci a cikinsu. Kowace Juma'a takan hau kujera 'yar tsugunno ta goge su da tsumma, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Baba ke biyan haya, amma jeren nan shi ne shaidar cewa ɗakin na Inna ne, kuma matar da ke ciki tana da asali, ba tsinto ta aka yi a hanya ba. Matan gidan ko da ba al'adarsu ba ce sun san haka. In sun yi baƙi daga ƙauye sukan kawo su su leƙa, Inna tana cewa "Ai ba komai ba ne," bakinta kuwa ya ƙi rufuwa.

A ƙarƙashin jeren nan nake shimfiɗa tabarmata tun ina yaro. Amma tunda na fara zuwa ajin nan mai barguna, sai na wayi gari ina jin kunyarsa. In faɗi gaskiya yadda take: ban taɓa gayyatar ko mutum ɗaya daga ajinmu zuwa gidanmu ba, saboda kwanukan uwata.

Ana saura wata guda mu yi jarrabawa malam ya ba mu aiki. Kowa ya nemi ɗaki na gaske, ya tsara shi yadda aka koya mana, ya ɗauki hoto ya kawo. 'Ya'yan manyan ma'aikata suna da falon iyayensu, abin da za su yi bai wuce gusar da kujera ba. Ni kuwa na kwana uku ina jujjuya abin, har na tsaya a kan shawarar da ta fi kowace muni. Na gaya wa abokina guda a ajin, wani ɗan Binuwai mai kyamara, wanda yayansa ke ɗinkin kujerun kushin a bayan kasuwa. Ya ce zai aro mana kujeru biyu da ɗan tebur da kafet, mu yi abinmu cikin awa uku mu mayar. Ya tambaye ni ko na gaya wa Inna. Na ce ba sai ta sani ba, kafin ta dawo komai ya koma wurinsa.

Ranar Asabar ta zo daidai. Baba yana aikin safe, ba zai tashi ba sai an busa jiniyar ƙarfe biyu. Inna kuma za ta suna a Rido, gidan 'yar ƙanwarta, ta ce sai la'asar. Abu ɗaya ne ban sa a lissafi ba. Da sassafe su biyun sun ɗan yi sa-in-sa a kan risho da ya ƙi kamawa har kokon Baba ya makara, ya fita bai sha ba, ya buga ƙofa. Irin faɗan da ba ya kai azahar ne, amma bangon gidan haya ba ya riƙe sirri.

Tana fita na hau aiki. Ashe kowane rukuni na jeren ɗaure yake da kirtani ta baya, an zarga shi ta hannun murafe an ƙulle a jikin ƙusa. Na gwada kwancewa, ƙullin ya ƙi, ni kuma ina sauri, sai na sa reza. Cikin rabin awa bangon ya zama fayau, sai inuwar kwanuka a jikin fenti, wadda na rufe da wani farin yadi. Sai kuma matsalar inda zan kai kayan, domin ciki ba wurin ko taka ƙafa. Abokina ya iso da mai kura ɗauke da kujerun aro, ya ce ai ga dabara, kurar da ta kawo kujeru ta kwashi kwanuka zuwa shagon yayansa. Na ji daɗin wannan hikima har na tafa masa.

Maƙwabciyarmu ta ƙofa da ƙofa wata 'yar Filato ce mai toya ƙosai, kowa yana kiranta Maman 'Yan Biyu. Ita da Inna sun shekara goma sha huɗu suna musayar gishiri da wuta. Tana bakin famfo tana wanke wake lokacin da muka fara fito da kwalla. Ta miƙe, ruwa yana ɗiga daga hannunta.

"Ɗan makaranta, wetin be dis? Ina za ka kai kayan Inna?"

Na amsa ba tare da na dube ta ba. "Wani aiki ne, Mama. Ba za ki gane ba."

Ta dubi kwanukan da ke fita, ta dubi sababbin kujerun da ke shiga da ledarsu, ta dubi fuskata da na ɗaure kamar ma'aikacin kotu. Na ga ta ɗaura ɗankwali ta fice, ta bar wakenta a bakin famfo, na ce a raina gara haka, an rage 'yan kallo.

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na san sunan kujeru iri bakwai da Turanci, amma abin da kowace mace a gidan nan ta karanta da kallo ɗaya ni ban gan shi ba. Miji da mata sun yi faɗa da safe. Matar ta fita. An kwance jerenta an ɗora a kura. An shigo da sababbin kujeru. A wurinmu ba a kwashe kayan ɗakin mace sai aure ya mutu ko ita ta mutu, kuma sabon kaya ba ya shiga ɗaki haka kawai sai da mai shi a baya.

Mu dai muna ciki muna ta fama. Mun shimfiɗa kafet, mun karkata kujeru suna duban juna, mun ɗora fulawar roba a kan tebur, mun rataya hoton wani tafki da na yanko daga kalanda. Na ja da baya na tsaya a bakin ƙofa, daɗi ya kama ni, domin abin ya yi kama da fim ƙwarai. Sai abokina ya ce hasken bai yi ba, mu jira rana ta karkato ta shigo ta taga kamar yadda malam ya koya mana. Muka zauna a kujerun aro muna jiran rana, ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Wajen ƙarfe biyu da kwata na ji tsakar gida ta cika da murya. Na ɗaga labule. Inna ce a tsaye, Maman 'Yan Biyu tana riƙe da kafaɗarta, ashe har Rido ta je ta ɗauko ta. Mayafinta ya zame gefe guda, ƙafafunta duk ƙura, hannunta riƙe da ƙullin goron suna da ta manta tana riƙe da shi. Ba ta shigo ba. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta leƙa bangon, ta daɗe tana kallo. Inna ba ta faɗin sunana, kasancewata ɗan fari, don haka ko a ranar ba ta faɗa ba. Ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba:

"Kai. Malam ne ya sa ka?"

Malam take kiran Baba. Na buɗe baki ke nan sai ga shi ya shigo da kekensa, auduga duk a gashin kansa. Kafin ya jingine keken, mijin Maman 'Yan Biyu, dattijo ne a cocinsu, mutum mai furfura da ba ya shiga maganar kowa, ya tare shi ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji.

"Malam, don girman Allah. Shekara nawa muna tare a gidan nan? Ko me ta yi, ka yi haƙuri. Risho ne fa. Ni zan saya muku wani."

Matan gidan suka taso suka kewaye shi, kowa tana ba da haƙuri da irin Hausarta. Wata ta durƙusa har ƙasa. Baba yana ta juya kai yana cewa, "Me aka yi? Wa ya mutu?" Sai ya hango Inna. Ita kuma, a gaban duk mutanen nan, matar da ko tari ba ta so a ji nata a tsakar gida, ta durƙusa ta ce, "In takarda ce, ka ba ni a ciki, kada ka ba ni a gaban yara."

Na sha ganin abin kunya a rayuwata, na kuma yi wasu da hannuna, amma ban taɓa fatan ƙasa ta tsage in shige ba kamar lokacin. Tun daga Rido har Kakuri, bas biyu, uwata ta zo tana lissafin inda za ta nufa bayan shekara ashirin da huɗu, iyayenta duk sun rasu. Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, to ni ne.

Dole na fito na yi bayani. Na fara da Hausa, na ga ba ta ɗaukar maganar, na koma haɗawa da Turanci. Na ce aikin makaranta ne, na ce hoto ne kawai, na ce kayan suna nan lafiya a shagon mai kujeru. Baba ya tambaye ni abin da ya hana a ɗauki hoton da jeren a wurinsa, tunda ɗaki aka ce. Da na yi shiru a nan da na tsira da wani abu. Amma idanu sun yi mini yawa, ga abokina yana ji, sai bakina ya riga hankalina.

"Baba, ba a kai irin wannan makaranta. Dariya za a yi mini. Ƙauyanci ne."

Famfo yana ta ɗiga a kan waken Maman 'Yan Biyu. Baba ya ɗaga hannu, na rufe ido, amma marin bai sauka ba. Inna ce ta ce, "Bar shi, Malam." Ta miƙe ta karkaɗe gwiwarta, ta gyara mayafi. Wasu matan sun fara dariyar sauƙi, ana cewa ashe ba komai, ashe shirmen 'yan boko ne. Ita ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ko an ɗauki hoton. Na ce a'a, muna jiran rana.

"To ga rana nan ta zo," in ji ta. "Ku ɗauka, kada wahalarku ta tashi a banza."

Nan ne wurin da har yau in na tuna nake jin zafi a bayan wuyana. Abin da ya kamata in yi a fili yake: in ce na fasa, in fitar da kujerun mutane, in ruga in dawo da kayanta. Ban yi ba. Na ce wa abokina ya ɗauka. Shi kansa sai da ya dube ni sau biyu. Ya ɗauki hoto shida, yana durƙusawa yana miƙewa, ni ina gyara fulawar roba, Inna kuwa tana tsaye a rana a ƙofar ɗakinta tana jira mu gama. Maman 'Yan Biyu ta kawo mata kujera ta ƙi zama.

Kafin magariba mun mayar da kujeru mun dawo da kwanuka, ba wanda ya fashe, ba wanda ya ɓata. Na ce wa Inna ta zauna ta huta, ni zan mayar da komai yadda yake, na ma zana tsarin a takarda kafin in sauke. Na nuna mata takardar, wai ko za ta ga na yi tunani. Ba ta karɓa ba. Tana tsugune tana tsince guntayen kirtanin da na yanka, tana tara su a tafin hannu.

"Yaya ce ta ɗaura wannan," ta ce. "Shekarar da muka tare a gidan nan ta biyo jirgi ta zo ta yi mini. Ba ta sake zuwa Kaduna ba."

Na san yayar tata ta rasu ina aji biyu a firamare. Abin da ban sani ba shi ne, duk gugar da Inna take yi ranar Juma'a, a tsaye take goge su a inda suke, ba ta taɓa kwance ƙulli ko ɗaya ba. Ta ƙulle guntayen a bakin zanenta. Sannan ta sa manyan kwalla suka haɗiye ƙanana, ta tura su ƙarƙashin gado, waɗanda suka ƙi shiga ta ɗora a kan akwatuna ta rufe da tsohon zane. Baba ya yi magana, Maman 'Yan Biyu ta yi, har ta ce za ta tara matan gida a yi sabon jere da shewa kamar na amarya. Inna ta ce a bari sai an kwana biyu. Ba a taɓa mayar da shi ba.

Hoton ya ci maki mafi yawa a ajinmu. Malam ya manna shi a allon sanarwa, ya tara mu yana nuni da sandarsa, yana cewa ga wanda ya fahimci sarari, ga gidan da aka san abin da duniya take ciki. Ya tambaye ni falon wa ne. Na ce namu ne. Ban yi ƙarya ba, amma ban ji daɗin makin ba ko na minti ɗaya. Shi malam ba shi da laifi a wannan, bai taɓa ce mini in taɓa kayan kowa ba. Ya nuna mana ɗakunan da ya sani ne, ni kuma na zo gida da reza.

Yau ni ma koyarwa nake yi, ɗalibaina suna zuwa mini da hotuna a waya, falon da suka gani a fim suna so su yi irinsa. Ba na hana su. Nakan dai tambaye su wa zai zauna a ɗakin, kuma me ya tarar a ciki da ba ya so a taɓa. Suna ɗauka tambayar jarrabawa ce.

Inna ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma canza mini fuska ba. Tuwona yana nan a rufe in na dawo, in na makara tana tsaye a bakin ƙofa. Na ɗauka abin ya wuce, har na fara gaya wa kaina cewa falon ya fi kyau a haka.

Bayan jarrabawa, 'yan ajinmu huɗu suka ce za su zo su ga ɗakin da ya ci maki. Yanzu da bango ya zama fayau ban ga abin ɓoyewa ba, kujeru kuwa na ce musu an kai gyara. Suka zo ranar Lahadi da hantsi, cikin riguna masu guga, biyu maza biyu mata, muka zauna a tabarma ana ta hira da Turanci ana dariya. Tun da suka yi sallama ban ga Inna ba. Da ma ita ce mai fara tarbar baƙo da ruwa kafin ya gama cire takalmi, ko da mai karanta mita ne. Na tashi na nufi ƙofar ciki in ce mata a kawo ruwa.

Na same ta tsaye a bayan labule. Ta yi wanka ta saka atamfarta ta zuwa biki, ga tiren kofuna a hannunta an cika su, da alama ta daɗe a wurin. Ta ɗan ɗaga labulen da gwiwar hannu, ta rage murya yadda baƙin ba za su ji ba.

"Kai. In fito, ko in jira su tafi?"

Ba gatse take yi ba. Na duba fuskarta da kyau ina neman gatsen, don da shi ne da na ji sauƙi. Tambaya take yi tsakani da Allah, tana so ta yi abin da ba zai ba ni kunya ba.

Na so in ce ta fito, wallahi na so. Amma sai na tsaya ina kallonta, ga dariyar abokaina tana tashi a bayana. Shirun bai fi na numfashi biyu ba. Ta gyaɗa kai, ta miƙo mini tiren, ta saki labulen.